Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Mai Gwandu (1766–1829): Malamin da Bai Ajiye Alƙalami Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ƴan uwa matasa maza da mata, duk wanda ya ɗan jima cikin aikin ƙungiya ya san abin da za mu faɗa. Daren farko na azumi masallatan Yamai ba masaka tsinke, tun daga Bukoki har Harobanda, sai an shimfiɗa tabarmi a bakin titi. Sati biyu bayan Sallah, sahun asuba ya koma guda, shi ma bai cika ba. Haka karatun da muke buɗewa a unguwanni: ranar farko wurin zama ba ya isa, amma kafin a kai babin taimama cikin Ahalari rabin ɗalibai sun ɓace. Ba mugunta ba ce, kuma ba ƙin addini ba ne. Zafin farko ne ya huce, kuma ba a tanadi abin da zai riƙe mutum bayan hucewarsa ba.

Shi ya sa a wannan ɗan littafi na tunawa muka zaɓi tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu. An san shi da malanta, an san shi da jarumtaka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wannan bawan Allah ya taɓa gajiya har ya juya wa tafiyar baya, kuma ya taɓa cin karo da ɓacin ran da zai sa wani ya naɗe tabarmarsa har abada. Duk da haka karatu da karantarwa da rubutu ba su tsaya ba.

Asalinsa da tasowarsa

Gidan su Malam Abdullahi ba baƙo ba ne ga ƙasarmu. Toronkawa ne, kakansu Musa Jakollo ya taso daga Futa Toro ya sauka ƙasar Ƙwanni, zuriyarsa ta daɗe a nan tana karatu da karantarwa. A Maratta, kusa da Galmi cikin jihar Tawa ta yanzu, aka haifi Shehu Usmanu a 1754, kafin gidan ya koma Ɗagel. Shi kuwa Abdullahi an haife shi a shekara ta 1180 bayan hijira, wato wajen 1766, ke nan Shehu ya ba shi kimanin shekara 12. Mahaifinsu Malam Muhammadu, wanda ake wa laƙabi da Fodiyo saboda iliminsa, mahaifiyarsu kuwa Hauwa'u.

Wurin mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani. Da ya kai shekara 13, uban ya damƙa shi hannun wansa. Tun daga ranar, Shehu ya zame masa wa, kuma malami, kuma uba. A littafinsa Ida'un Nusukhi, wanda ya rubuta a 1812, ya lissafa malamansa da abin da ya ɗauka wurin kowane. In ka duba abin da ya karanta gaban Shehu, za ka ga littattafan nan ne da muke gani a zaurukan malamanmu har gobe: Ishiriniya da Witiriya, Ajuruma a nahawu, littattafan Sanusi a tauhidi, Ahalari da Ishmawi da Risala. Tafsiri kuwa ya saurare shi wurin Shehu daga Fatiha zuwa Nasi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Ku lura da wannan, ƴan uwa. Ba wani ɓoyayyen littafi aka ba shi wanda mu ba mu da shi ba. Ahalarin da ke hannunka shi ne ya kasance hannunsa. Bambancin, shi ya fara ya ƙare, ya ɗauki na gaba, kuma abin da ya riga ya ji bai raina sake jinsa ba.

Bai tsaya ga Shehu kaɗai ba. Ya bi dangi da malaman ƙasa, kowa ya ɗebi fanninsa. Wajen shekara ta 1201 bayan hijira, shi da Shehu suka zauna gaban kawunsu Alhaji Muhammadu ɗan Raji suka saurari Sahihul Buhari. Ya kuma ɗauki karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, babban malamin nan na Agadas da ƙasar Adar, wanda shi ma malamin Shehu ne. A wancan zamani neman ilimi tafiyar ƙasa ce, littafi kuma da hannu ake kwafarsa, shafi bayan shafi, da tawada da alƙalamin kara. Wanda ke son Muhtasar sai ya zauna ya rubuta abinsa. Irin wannan zama shi ya koya wa hannun Abdullahi aikin da bai daina ba har rasuwarsa.

Shekarun wa'azi

Shehu ya fara yawon wa'azi yana ɗan shekara 20. Da Abdullahi ya tasa, ya zama ba ya rabuwa da shi, a gida ko a tafiya. Sun shiga ƙasar Kabi, sun zauna ƙasar Zamfara wajen shekara biyar suna kiran mutane. Abdullahi shi ne alƙalamin jama'a: in wani malami ya aiko da suka cikin waƙar Larabci, shi Shehu kan sa ya mayar da amsa, kuma yakan juya wasu waƙoƙin Shehu daga Fillanci zuwa Larabci.

Cikin wannan zirga-zirga ne ya soma wallafa. Miftahut Tafsir, wanda ya tsara ilimin Alƙur'ani cikin baitoci, tun wajen 1794 ya rubuta shi, bai kai shekara 30 ba. Mutum ne da ke kwana yau nan gobe can, amma takarda na cikin gafaka. Bai jira sai ya sami ɗaki mai shiru da lokacin hutu ba.

Hijira da gumurzu

A watan Fabrairu 1804, da zama ya gagara tsakanin jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. A watan Yuni na wannan shekara shi ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto, inda jama'a, duk da ƙarancinsu da ƙarancin dawakinsu, suka yi nasara. A 1805 kuma shi ya ja rundunar da ta buɗe Birnin Kabi, daga nan aka kafa zango a Gwandu.

To, amma nasara ba ita kaɗai aka gani ba. A ƙarshen 1804, a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, an yi wa jama'a mummunar ɓarna. Muhammadu Bello ya ruwaito cewa cikin waɗanda suka yi shahada akwai mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A ƙarshen 1805 aka sake shan kashi a Alwasa. Kafin wannan karon ma, wasu mayaƙa sun far wa mutanen da ke zaman amana suna kwasar dukiyarsu, Abdullahi da Bello suka hana, ba a saurare su ba. Ga yunwa, ga ciwo, ga rashin abokai.

Abin da ya fi ci wa Malam Abdullahi rai shi ne wannan: abokan karatunsa, waɗanda suka fito don Allah, yawancinsu sun kwanta dama. Waɗanda suka cika sansanin daga baya, da yawansu idonsu na kan ganima da sarauta da dawaki da manyan riguna. Ya duba ya ga kamar abin da aka yi hijira don guje masa ya biyo su har gida.

Ranar da zuciya ta gaji

Cikin shekara ta huɗu bayan hijirar, wajen 1807, runduna ta tashi zuwa Alƙalawa, Abdullahi na ciki. A hanya ya yanke shawarar barin komai. Ya ware daga rundunar ya fuskanci gabas, da niyyar zuwa Makka da Madina, ya bar ƙasar da rikicinta. Shi da kansa ya ba da labarin cikin Tazyinul Waraƙati, bai ɓoye ba. Shi da abokai biyar suka faɗa daji, kwana uku ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye, har Allah ya fitar da su cikin mutane, suka isa Kano.

Ku tsaya ku dubi wannan, jama'a. Wazirin Shehu ne fa, wanda ya fara mubaya'a, jagoran Tabkin Kwatto. Shi ne ya gaji ya tafi. Saboda haka kai da ka wayi gari ka ji haddar ta yi maka nauyi, ko taron ƙungiya ya fita ranka, kada Shaiɗan ya raya maka cewa kai munafuki ne, ko kuwa ba a yi ka don alheri ba. Waɗanda suka fi mu sun ɗanɗana.

Abin tambaya shi ne, me ya yi cikin gajiyar? Mutanen Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, suka tare shi suka hana shi wucewa. Ya gaya musu gaskiya, cewa abin da ya gudo wa a can shi ya tarar a wurinsu. Suka roƙe shi ya rubuta musu littafin da za su riƙa dubawa wajen hukunci da tafiyar da mulki. Mutumin da zuciyarsa ke Madina, ransa a ɓace, ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya kuma buɗe musu karatun tafsiri. Karatun ya yi tasiri har aka fasa kayan wasa, kwairayen ganguna suka koma abin zuba wa dawaki abinci. Daga ƙarshe bai wuce Kano ba, ya juyo gida ya koma bakin aikinsa. A watan Oktoba 1808 Alƙalawa ta faɗi.

Wato a lokacin da sha'awar komai ta fita ransa, abu biyu ba su fita hannunsa ba: buɗe littafi gaban ɗalibai, da ɗora alƙalami kan takarda. Sun riga sun zame masa jiki tun yana ɗan shekara 13. Kuma su ne igiyar da ta jawo shi ya dawo. Littafin da ya rubuta cikin ɓacin rai kuwa, yau fiye da shekara 200 ana karanta shi.

Mulki a hannu ɗaya, alƙalami a ɗaya

Bayan dawowarsa ya ja runduna har ƙetaren kogin Isa zuwa ƙasar Gurma. Da Shehu ya koma Sifawa, shi ya zauna Boɗinga kusa da shi. A 1812 Shehu ya raba tafiyar da ƙasa biyu: gabas hannun Muhammadu Bello, yamma hannun Abdullahi. Wannan ɓangare na yamma, wanda Gwandu ta zama cibiyarsa, shi ne daga baya ya haɗa da garuruwan bakin kogi irin su Sayi, garin Alfa Mahaman Jobbo, nan kudu da mu.

Mai irin wannan nauyi, ga shari'a, ga baƙi, ga wasiƙu, ga yaƙi, in ya ce ba shi da lokacin karatu ba wanda zai zarge shi. Amma ku dubi shekarun littattafansa. Ida'un Nusukhi, 1812. Tazyinul Waraƙati, inda ya tattara waƙoƙinsa da tarihin tafiyar, 1813. Sannan babban aikinsa, tafsirin Alƙur'ani cikakke mai suna Liya'ut Tawili, wanda ya kammala a 1231 bayan hijira, wajen 1816. Da aka buga shi a Alƙahira a 1961, juzu'i huɗu ya ci. Tafsirin izu sittin ba a rubuta shi da zafin dare ɗaya. Aya ce bayan aya, yau kaɗan gobe kaɗan, ranar da ake jin daɗi da ranar da ba a ji. Hausawa sun ce yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya.

Jarrabawa ta biyu

A watan Afrilu 1817 Allah ya yi wa Shehu rasuwa a Sakkwato. Aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a. Masu tarihi sun kawo cewa da Abdullahi ya taso don zuwa Sakkwato, sai ya tarar an rufe ƙofar gari, an riga an gama magana. Ka rasa wanda ya rene ka, ya karantar da kai kusan shekara 40, sannan a yanke shawara mafi girma ba tare da kai ba, kai da ka fi kowa daɗewa cikin tafiyar. Ya juya ya koma, aka yi ƴan shekaru tsakaninsa da ɗan wansa da sanyi.

Mu nan, sau nawa muka ga ɗan uwa ya bar ƙungiya, ya bar karatu, wani har ya sauya masallaci, don an yi zaɓen shugabanni ba a sa sunansa ba? Malam Abdullahi ya ji zafi, mutum ne. Amma makarantarsa ba ta rufe ba, rubutu bai tsaya ba. Cikin waɗannan shekaru ne ya wallafa Liya'us Siyasati, kan yadda shugaba da alƙali za su tafiyar da jama'a bisa shari'a.

Sulhu ya zo a Kalambaina, wajen 1820, lokacin da tawaye ya tsananta wa Gwandu, Bello ya taso da runduna ya kawo wa baffansa gudummawa. An ruwaito cewa bayan nasara, da suka haɗu, Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Daga nan ya miƙa yawancin harkokin mulki ga ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari, ya koma ga abin da ya fara da shi.

Wani abin ban sha'awa ya faru a wannan zango na ƙarshe. Ya lura Liya'ut Tawili ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi. Maimakon ya ce ai ya gama nasa, sai dattijon da ya doshi shekara 60 ya sake komawa kan Fatiha, ya rubuta wani tafsirin mafi sauƙi, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, bisa ruwayar Warshu da ake karatu da ita a ƙasashenmu. Tafsiri biyu cikakku daga hannun mutum guda. Ban da su ga Hisnur Rasin a sarfu, ga Bahrul Muhiɗ a nahawu mai dubban baitoci, ga wasu gommai a fiƙihu da hadisi da gyaran zuciya.

Ya rasu a Gwandu a farkon shekara ta 1245 bayan hijira, wato 1829, a can kabarinsa yake. Rubuce-rubucensa sun bazu hannun malamai, kuma wanda ke son ganin irin rubutun hannu na gidan Fodiyo bai buƙatar tafiya nesa: akwai sashen tsofaffin takardun Larabci da ajami a cibiyar bincike ta IRSH, ƙarƙashin Jami'ar Abdu Mumuni, nan cikin Yamai.

Abin da za mu ɗauka

Na farko, a dasa al'ada tun zuciya na da zafi, don ranar da za ta huce. Abin da ya riƙe Malam Abdullahi a Kano ba a Kano ya samo shi ba, tun Ɗagel ya taho da shi. Watan azumi da makon farko na shiga ƙungiya, lokacin kafa turke ne, ba lokacin cika alkawura goma ba.

Na biyu, a ɗauki kaɗan a ɗaure shi da lokaci sananne. Ya tabbata cikin Buhari da Muslim, daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Shafi guda bayan sallar asuba, kafin a taɓa waya, ya fi izu biyar na ranar da aka ji wa'azi mai ratsa jiki. Mai karanta shafi biyu bayan kowace sallar farilla, cikin mushafin nan mai shafi 604, zai sauke cikin wata biyu. Ɗan lakwal mai shirin jarrabawa, da ɗan kasuwar Katako, da mai kabu-kabu, da uwar gida, kowa na iya samun wannan.

Na uku, kada ka yi tafiyar kai kaɗai. Abdullahi ya tashi gaban malami, kuma ranar da ya so gudu, buƙatar ɗalibai ce ta tsayar da shi. In akwai mai jiranka, malami ko aboki ko yaran da kake biya wa karatu, za ka fito ko ranka bai so. Fadarmu da muke zama shan shayi har tsakar dare, me zai hana a ware minti 15 kafin tsiyayar farko, a karanta hadisi guda ko babi guda?

Na huɗu, kada ka rataya ibadarka a wuyan mutane. Za a ɓata maka rai, za ka ga masu neman suna a inda ka zaci ikhlasi, za a manta da kai ranar rabon muƙami. In don su kake yi, ranar za ka daina.

Na biyar, in ka yanke, ka dawo. Wanda ya yi kwana uku cikin dajin giwaye yana gudun jama'arsa, shi ne ya dawo ya yi musu hidima fiye da shekara 20, kuma mafi girman littattafansa bayan dawowar ya rubuta su. Fashin sati guda bai kashe hadda ba, abin da ke kashe ta shi ne kunyar komowa. Ɗan uwan da ya daɗe ba mu gan shi ba, in wannan takarda ta iso hannunka, wurinka na nan cikin sahu, malam kuma zai ci gaba da kai daga inda ka tsaya.

Allah ya jiƙan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Shehu Usmanu da sauran malamanmu da magabatanmu, ya haskaka kaburburansu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin ƴan ƙungiyar nan. Mu kuma ya ba mu tabbata kan alheri, a azumi da bayan azumi, ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya. Amin.